Feshi a Tafkin Malam

Matar Manaja ce ta fara ganin matsattsakun. Ta sunkuya bakin tafkin da ke bayan gida za ta tsinko furen bado ta ɗauki hoto da shi, sai ta ɗago da wani abu baƙi-baƙi, da bai fi gaɓar yatsa ba, manne a wuyan hannunta. Ta yarfe shi, wayar ta faɗa cikin ciyawa, ta isa cikin gida da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin azahar labarin ya girma, an ce abin ya sha mata jini har jiri ya kwashe ta. Ƙanwar mijinta, Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ja hannun gaban taga ta duba ciki da waje, ba ta samu ko ƙwarzane ba. Ta faɗi hakan, kuma babu wanda ya gode mata.

Tafkin na Malam ne, mai gidan, mahaifin Manaja da Auta. Malamin kimiyya ne na sakandare da ya yi ritaya. Kiran abin tafki ma alfarma ce: rami ne mai faɗin ɗaki guda, zurfinsa iya cinya, an shafe shi da siminti. Malam ya haƙa shi a shekarar da ya ajiye alli, ya jera tukwanen bado a ƙasa, ya zuba kifayen ado, jajaye da masu dabbare-dabbare. Babban cikinsu ya kai tsawon kamu ɗaya, ba ya sauri, kuma idan ya taho sauran kan buɗe masa hanya, shi ya sa Malam ya raɗa masa Hedimasta. Kullum da safe tsohon kan fito da gwangwanin abincin kifi, ya ƙwanƙwasa shi a gefen siminti, Hedimasta ya taso ya karɓa daga yatsunsa. Tun rasuwar matarsa, wannan ne abin da ke fito da Malam daga ɗaki ba tare da an roƙe shi ba.

Manaja, ɗan farinsa, yana zaune da iyalinsa a sashen gaba. Yana da kamfanin feshin ƙwari: ma'aikata biyu, famfunan goyo uku, da mota mai hoton kyankyaso a rigingine a jikinta. Shi ya ba kansa sunan Manaja, ya yi ta maimaita shi har ya bi shi. Matarsa kuwa ta daɗe da auna filin tafkin da ido. Ta ga zai ɗauki rumfar mota har da ragowa, kuma takan faɗi haka duk lokacin da ta tabbatar surukinta ba ya kusa.

Kamfanin yana da ƙa'ida ɗaya da Manaja ke alfahari da ita. A cewarsa, feshi aiki ne da ba a ganinsa, mai gida wari kawai yake shaƙa ya hau zargi. Don haka duk gidan da aka gama, ma'aikatansa sai sun share duk abin da ya mutu, sun jera shi a ƙofar wanda aka yi wa aikin, manya a gaba, ƙanana a baya, sun ɗauki hoto sun tura masa. Yana kiran wannan shaida. Yakan ce gani ya kori ji, kuma aikin da babu gawa ba aiki ba ne.

Da yamma ya sami mahaifinsa a kan benci bakin tafkin. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya sanar da shi cewa gobe za a yi wa ruwan feshi.

Malam ya saurare shi har ya kai aya. Daga nan ya yi masa bayani da irin muryar da ya shekara da shekaru yana yi wa ɗaliban bayan aji. Ya ce matsattsaku iri-iri ne. Akwai mai shan jinin mutum da dabba, akwai mai liƙe wa kifi a fiffike ko a maƙoshi ya ramar da shi, wannan kam abin damuwa ne. Amma mafi yawan waɗanda ake samu a irin wannan ruwa, katantanwa da tsutsa suke ci, ba ruwansu da kowa. Ya ce ya san da su tun bara, a jikin saiwar bado suka zo, kuma ya duba kifayensa ɗaya bayan ɗaya bai ga ko guda a jikinsu ba. Idan ma ana son rage su, gwangwani ake hudawa a sa ɗan nama a ciki a nutsar, da safe a ɗago da su.

"Baba, wannan ai ilimin allo ne," in ji Manaja. "Ni da ƙwari nake kwana, da su nake tashi."

"Maganin naka, me aka ce a jikin galan game da kifi?"

Manaja ya ce ya yi shekaru yana aiki da wannan magani, ko idonsa a rufe zai gane shi da ƙamshi. Malam ya ce ba hancinsa ya tambaya ba.

Aka tsaya a kan shawara. Malam yana da tsohon akwatin gilashi na kiwon kifi a ɗakinsa. Ya ce zai sa ƙananan kifaye biyu a ciki, da katantanwa, da matsattsakun da ake ƙara a kansu, a zuba musu ido zuwa ƙarshen mako. Idan suka taɓa kifi, Manaja ya yi yadda ya ga dama. Idan ba su taɓa ba, a bar kaza cikin gashinta. Manaja ya amsa da to. Kafin magariba Malam ya ɗaga wata tukunyar bado, ya kwaso matsattsaku da cokali, ya shirya akwatinsa a kan tebur kusa da taga.

Matar Manaja ba ta ga dalilin jira ba. Yayarta za ta zo ƙarshen mako da ƙananan yara, kuma a lambun bayan gida, inda tafkin yake, ta shirya saukarsu. Ta fara da lafiyar yaran, mijin ya ce sai a hana su zuwa bakin ruwa. Ta koma kan hannunta, ya ce ai Auta ta duba. Sai ta canza hanya. Ta ce ita ba ta damu ba, shi take ji wa: a ji a gari cewa gidan mai kamfanin feshi ne ake kiwon masu shan jini, kuma ya gani da idonsa aka ce masa ya jira sakamakon gwaji kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce yayarta ba ta iya riƙe magana ba, kuma mijin yayar ya san rabin mutanen da Manaja ke yi wa aiki.

Washegari Manaja ya tambayi Auta, kamar da wasa, yaushe ne ma za ta kai Baba asibitin ido.

Ranar asibitin, motar Auta na fita, ta kamfani na shigowa. Manaja ya sauko da ma'aikatansa biyu da galan ɗaya. Babban cikinsu, Dogo, ya leƙa ruwan ya ga jajayen bayan kifaye suna kai da kawo a ƙarƙashin ganye.

"Yallaɓai, da kifin a ciki?"

Manaja ya yi masa lissafi a tsaye. Ya ce matsattsaku ɗan mitsitsi ne, kifi ƙato ne, abin da zai kashe ƙarami ko atishawa ba zai sa babba ba. Dogo ya ga maganar ta yi kama da hankali, kuma ya san ba don tunani aka ɗauke shi aiki ba, sai ya goya famfon feshi. Manaja ya auna maganin yadda ya saba auna wa ɗaki, tunda faɗinsu ɗaya. Sannan ya tuna ruwa na cinye ƙarfin magani, ya ƙara. Ya sake tunawa matsattsaku a ƙasa suke, ya kuma ƙarawa. Aka fesa a sama, aka tuttula sauran a tsakiya, aka motsa da sandar tsintsiya har ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Wayarsa ta yi ƙara, wani otal ne ke kukan kuɗin cizo. Ya shiga mota, ya leƙo ta taga ya ce musu su ƙarasa kamar kullum.

Ƙananan ne suka fara. Suka taso sama suna haɗiyar iska, suna juyi kamar an ɗaure musu jela, sannan suka kwanta ta gefe. Kwaɗi biyu suka yi tsalle suka fito, suka ƙare a cikin ciyawa. Hedimasta ya fi kowa daɗewa. Ya zagaya tafkin a hankali yana dukan siminti da kai, ya zo daidai wurin da ake ƙwanƙwasa gwangwani, ya juya farin cikinsa sama.

An ce su ƙarasa kamar kullum, kuma haka suka yi. Suka ari matankaɗi a kicin, suka tsame duk abin da ke yawo a saman ruwa. Suka ɗan yi gardama kan ƙofar da za a kai shaida, Dogo ya yanke cewa tafkin na tsoho ne, don haka ƙofarsa ce. Suka jera a kan dakali, Hedimasta a gaba, masu bi masa a baya, ƙanana a sahu na uku, kwaɗi a gefe. Dogo ya ja baya ya gyara wani da ya karkace, ya ɗauki hoto ya tura. Matar Manaja ta tambaya ta taga ko abubuwan sun mutu. Dogo ya ce, Hajiya, babu abin da ya yi saura.

Malam ya dawo wajen sha biyun rana. An ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, komai yana gani dishi-dishi, ga baƙin tabarau da aka ba shi saboda rana. Auta na riƙe da hannunsa. Da suka kewayo ta bayan gida ya hango jeren abubuwa a ƙofarsa, masu launi-launi, an tsara su sahu-sahu.

"Baƙi muka yi ne? Takalman wa ye haka?"

Auta ta tsaya cak. Ya zare hannunsa, ya ƙarasa shi kaɗai, ya sunkuya ya taɓa na gaban. Ya daɗe a haka. Ƙudaje sun riga sun fara zuwa, ya kore su da bayan hannu. Ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Bai tambayi abin da ya faru ba, warin da ke tasowa daga ruwan ya isa bayani.

Manaja ya ga hoton yana tsakiyar ɗaga katifar otal. Ya iso gida da gudu, amma a hanya ya samu lokacin shirya magana. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma a gaskiya wannan ya tabbatar da abin da yake tsoro: matsattsakun sun daɗe suna tsotse kifayen ta ƙarƙashi, jikinsu ya riga ya yi rauni, shi ya sa ba su jure ɗan maganin da aka sa ba.

Malam ya ɗauki Hedimasta, ya miƙa wa Auta, ya ce ita da idonta ke aiki ta duba. Ta buɗe maƙoshin, ta bi fiffike da jela da ciki. Ta ɗauki na biyu, da na uku. Babu matsattsaku, babu tabon cizo, kifaye ne masu ƙiba. Ta ajiye, ta je ta ɗauko galan ɗin da aka bari a jikin bango, ta juya bayansa ta kawo shi daidai fuskar yayanta. A ƙasan rubutun akwai ɗan hoto mai jan zagaye: busasshiyar bishiya, da kifi a rigingine.

"Yaya, ko ba ka karanta ba, ai kai ka san ma'anar abu a rigingine. Yana jikin motarka."

Manaja ya ce ba da ita yake magana ba, kuma ta tuna ya girme ta.

Malam ya zauna a kan dakali kusa da jeren. Ya yi magana a hankali, ba tare da ya dubi ɗansa ba.

"Na ga nawa. Ina naka?"

"Nawa me, Baba?"

"Matsattsaku ka zo kashewa. Kai ka ce aikin da babu gawa ba aiki ba ne. Ina gawar?"

Manaja ya dubi jeren kamar yana sa ran ganin wani sahu da ya tsallake. Ya dubi Dogo, Dogo ya dubi abokin aikinsa. Sai Manaja ya ce jikin matsattsaku laushi ne da shi, maganin kan narkar da shi nan take, shi ya sa ba a ganin gawarsa. Malam ya ce to madalla, a ɗaga masa tukunyar bado guda ya gani. Dogo ya sa safar roba, ya jawo ta kusa da gefe, ya ɗago ta ya kife a kan siminti. A cikin laƙar da ke gindin, abubuwa baƙaƙe suka dunƙule saboda haske, sannan ɗaya ya miƙe, ya kafa kai, ya ja jiki, ya nufi inuwa ba tare da gaggawa ba. Wani ya bi shi.

Sai ga matar Manaja ta fito da mayafi da fuskar ta'aziyya. Ta durƙusa ta ce Baba ya yi haƙuri, aikin gama ya gama. Ta ce tunda kifin ya ƙare, ruwan ya zama guba, ga kuma abubuwan nan ko magani ba ya jin su, ai sai a kawo ƙasa a cike ramin kowa ya huta, a shafe da siminti. Manaja ya cafke maganar kamar mai nutsewa ya samu igiya. Ya ce a matsayinsa na wanda ya san aikin, shawarar da zai bayar ke nan, kuma shi zai ɗauki nauyin komai, gobe-gobe ma tifar ƙasa za ta zo.

Malam ya miƙe ya ce su biyo shi. Tun aurenta matar Manaja ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba, ta tsaya daga nan tana leƙe. A kan tebur, a cikin akwatin gilashi, ƙananan kifaye biyu suna ta harkarsu. Matsattsaku ɗaya na manne a jikin gilashi, sauran suna ƙarƙashin dutse. A ƙasa akwai ɓawon katantanwa da aka cinye. Malam ya ce wa Auta ta duba kifayen, ta duba, ta ce lafiyarsu lau.

"Waɗannan sun kwana sun tashi da matsattsaku," in ji Malam. "Waɗancan sa'a ɗaya suka yi da kai."

Sannan ya faɗi yadda za a yi. Ba za a cike tafkin ba. Za a kwashe ruwan da bokiti, kuma ba a kwata za a zubar ba, kada ya je ya gama da abin maƙwabta. A zuba a durom, Manaja ya nemi inda ake kai irinsa, tunda sana'arsa ce. A zubar da laƙar da tukwanen, a goge simintin, a ɗauraye, a bar wa rana, a sake gogewa. Kifayen kuma a binne su a gindin katanga, da zurfi, saboda kyanwa. Dogo ya fara naɗe hannun riga. Malam ya ce masa ya je ya huta, shi abin da aka ce ya yi ya yi.

"Kai za ka yi," ya ce wa ɗansa. "Da hannunka."

Manaja ya dubi ma'aikatansa, ya dubi matarsa. Matar ta riga ta juya, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Yayar ta zo ƙarshen mako kamar yadda aka tsara. Ta sami mijin ƙanwarta a cikin rami, da takalmin roba da buroshi, yana durƙushe yana gurzar siminti. Ta tambayi abin da ya faru, aka ce mata gyara ake yi. Auta ta ba ta cikakken labarin a kicin, kuma kamar yadda ƙanwarta ta faɗa tun farko, ba ta iya riƙe magana ba. Hoton shaidar bai taɓa fitowa a shafin tallan kamfanin ba, ko da yake shi ne jere mafi kyau da Dogo ya taɓa yi.

Da warin ya tafi gaba ɗaya, Malam ya sa aka cika tafkin, ya samo sabon bado, ya bar ruwan ya kwanta. Wata safiya shi da Auta suka ɗauko akwatin gilashin suka kai bakin ruwa. Ta tambaye shi ko ta tsince matsattsakun tukuna. Ya ce ta bar su, katantanwa za ta dawo, kuma su ne za su ci ta. Suka karkata akwatin, komai ya gangara ciki.

Washegari ya fito da gwangwaninsa, ya zauna a kan benci, ya ƙwanƙwasa a gefen siminti. Kifayen biyu suka firgita, suka shige ƙarƙashin ganye. Ya jira, ba su fito ba. Ya watsa abincin a saman ruwa, ya rufe gwangwani, ya ci gaba da zama.